Sunan Kawu Magaji a Tashar Jirgin Ƙasa

Tun da na dawo ban huta ba. A aji, a bakin famfo, har a hanyar islamiyya sai an tare ni ana tambayata yaya Abuja, da gaske na shiga jirgin ƙasa, da gaske waya ce ta kai mu. Ni kuma kun san halina, in mutane suka wuce biyu a gabana sai harshena ya yi nauyi, in ce lafiya lau in sunkuyar da kai. Jiya Hadiza ta ce wai rowar labari nake yi muku. Ba rowa ba ce, bakin ne ba ya ba ni haɗin kai. Shi ya sa na zauna na rubuta, ku karɓa ku riƙa miƙa wa juna.

Ba yawon buɗe ido na je ba. Kawu Magaji, wan Ummata, wanda yake gyaran firiji a Abuja, shi ne ciwon ciki ya kwantar har likitoci suka ce sai an yi masa aiki, suka sa safiyar Alhamis. Matarsa Anti Saratu ta kira Umma tana kuka, ta ce ya ce ba ya so a shiga da shi bai ga mahaifiyarsa ba.

Mahaifiyar tasa ita ce Iya, kakata, kuma shi ne ɗanta na fari. Kun dai san yadda tsofaffinmu suke da ɗan fari. Tun da aka yaye shi aka kai shi Paki wurin kakarsa, can ya girma. In ya zo gida da Sallah, Iya za ta gaisa da matarsa, ta goya 'ya'yansa, ta tambayi lafiyar maƙwabtansa da ba ta taɓa gani ba, shi kuwa in ya durƙusa sai ta amsa tana kallon murhu. Ko Magajin ma ba ta faɗa, sai dai ta ce wancan na birni. Da Umma ta gaya mata saƙon tana tsintar wake ne, ba ta ɗago ba, ta ce ai ciwo ba mutuwa ba ne. Bayan la'asar Umma ta leƙa ɗakinta ta tarar ta riga ta ɗaure kayanta a zane.

Umma ta haihu ba ta yi arba'in ba, Baba kuma yana tsakiyar girbin masara. Aka rasa mai raka ta, sai Iya da kanta ta ce a ba ta ni, don ba ta son mai surutu a mota, kuma na iya karanta abin da waya ta ce.

Anti Saratu ta yi mini bayani a wayar Baba. Ta ce akwai wata manhaja da Kawu yake amfani da ita, wadda ta haɗa motar haya da bas da keke da jirgin ƙasa wuri guda. Mutum zai faɗa mata inda yake da inda za shi, ita ce za ta jera masa abin hawa ɗaya bayan ɗaya, a biya gaba ɗaya tun daga gida. Ba ciniki, ba neman canji, ba tambayar hanya. Ta ce ta riga ta shirya mana tun daga Zariya har ƙofar asibiti a cikin asusun Kawu, kuma manhajar tana nan a tsohuwar wayarsa da ya bar wa Inna Asabe, ƙanwar Umma, a Likoro. Abu ɗaya ta maimaita mini har na haddace: komai a sarƙe yake, kuma jirgin rana shi kaɗai ta samu da gurbi. In ya wuce mu sai na washegari, lokacin an riga an shiga da Kawu. Hanyar mota da yamma kuwa shi da bakinsa ya hana.

Ranar Talata muka tashi daga tashar Ikara irin yadda aka saba. Iya ta ƙi motar da ke kan layi don ba ta san direban ba, ta jira ta Ɗan'azumi, wanda ta ce ita ta yi wa uwarsa wankan jego. Muka zauna har motar ta cika, ta kuma ƙara cika, aka ɗora mini buhun barkono a gwiwa ina ta atishawa. A Makarfi Iya ta sa aka tsaya ta sayi mazarƙwaila, ba wanda ya yi ƙorafi, wani ma ya sauka ya sayo rake ya rarraba. Daga babban titi muka sauka, babur ya shigar da mu Likoro.

Inna Asabe ta tarbe mu da tuwon masara sabuwa da miyar kuɓewa ɗanya, ta shimfiɗa mana a ɗakin da suke ajiye hatsi, ko'ina ƙamshin ɓawon masara. Sai dai garin ya kwana biyu ba wuta. An kai wayar wurin mai caji tun safe, injinsa ya lalace da rana, ta dawo da rabi. Mijin Inna ya jujjuya ta a hannu ya ce batirin nan kamar tulu mai tsaga yake, ko an cika shi ba ya riƙewa, in yi ta a hankali. Inna ta nuna mini inda zan taɓa, da wani ɗan zane mai kusurwa huɗu, baƙi da fari kamar saƙar faifai, ta ce shi ne tikitinmu duka, shi zan riƙa nunawa. Lambar Anti Saratu da ta kowa suna cikin wayar, ba wanda ya kawo a ransa a ce in haddace ko ɗaya. Na kwanta da ita a ƙarƙashin filo a kashe, ina jin kamar ƙwai aka ba ni ajiya.

Da sassafe muka isa Zariya, inda manhajar take farawa. Wurin bai yi kama da tasha ba. Babu 'yan kamasho masu fizgar jaka, babu mai ihun Kaduna mutum ɗaya, sai rumfa da benci da mutane kowa ya duƙa a kan wayarsa. Na kunna tamu, ta nuna mini launin motar da lambarta da sunan direban, da wani ɗigo shuɗi wai mu ne. Motar ta zo kamar yadda aka faɗa. Iya ta tsaya a bakin ƙofa ta fara gaishe da direban, ta tambayi gida, ta tambayi iyali, ta tambayi gajiya, tana shirin tambayar ɗan wane ne a garin nan, sai ya ce, cikin ladabi dai, Mama ku shiga lokaci ya yi. Ta shiga ranta a ɓace.

Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne motar ta tashi da gurbi biyu ba kowa. Ta raɗa mini cewa duk direban da ya tashi mota ba ta cika ba, ko dai ba tasa ba ce ko kuma akwai abin da yake gudu. Ta riƙe ƙullin kayanta a cinya har Jaji. Ba wanda ya yi wa wani magana a motar nan. Wani mutum a gefenmu ya buɗe biskit ya cinye shi kaɗai, ko bismillah bai ce mana ba, Iya ta bi hannunsa da kallo har ya gama.

Ni kuwa abin da ke cina daban ne. In na kunna wayar in ga inda muke, sai in ga batirin ya ragu. In na kashe ta kuma sai zuciyata ta ce yanzu haka manhajar ta canja wani abu ban sani ba, ko mun wuce wurin sauka. Haka na yi ta yi, in kunna in kashe. Akwai muryar mace a ciki mai faɗin abin da ke gaba. Da ta yi magana karon farko Iya ta ce mata sannu 'yar nan, daga nan kuma ta riƙa kiranta mai bakin nan. In an ɗan jima sai ta taɓa ni ta ce me mai bakin nan ta ce.

A Kawo, da muka shiga Kaduna, wayar ta ce bas ɗinmu yana nan tafe, mu tsaya a rumfa ta biyu. Iya ta ce sai ta zaga. Na rasa yadda zan yi, na raka ta, a hanya na ga mai caji na miƙa masa wayar, na tsaya tsakanin ƙofar banɗaki da teburinsa ina kallon titi. Bai fi ta ɗan ɗumama ba sai ga bas ya kunno kai. Na karɓe ta, mai cajin yana cewa ai ko shayi ba ta sha ba, na jawo Iya hannunta da sauran ruwa.

A ƙofar bas ɗin akwai wata 'yar na'ura da ake kara mata zanen faifan nan, in ta yarda ta yi ƙara ta nuna kore. Na kasa saita wayar har sai da matar da ke bayana ta kama hannuna ta daidaita mini. Shi wannan bas ba ya tsayawa don an ce akwai. Yana da wurarensa, in ba nan ba ko za ka yi kuka ba zai buɗe ƙofa ba. Wani dattijo mai kaji biyu a hannu ya yi ta cewa akwai sauka, akwai sauka, ana wucewa da shi, har ya ce wa direban ko uban wa ya haife shi sai ya sauke shi a ƙofar gidan 'yarsa. Mutane suka yi ta dariya, wani saurayi ya ce Baba ai ba direban za ka zaga ba, waya za ka zaga. Iya ba ta yi dariya ba. Ta ce mutumin yana da gaskiya, mota ai don mutane aka yi ta.

Inda muka sauka nan ne zan nemi kekenmu. Kafin in ɗaga kai masu keke sun kewaye mu, wannan ya ce Hajiya ina za ku, wancan ya riga ya kama ƙullin Iya. Ba 'yan manhajar ba ne. Namu yana can gefe, lambarsa tana rubuce a wayar. A rayuwata ban taɓa ɗaga wa babban namiji murya ba, amma ranar na ji kaina ina cewa ba kai ba ne, sakar mata kaya. Ya saki yana cewa ƙaramar yarinya sai tsiwa. Kunya ta kama ni har cikin ƙafafuna.

Muna cikin keken, mun kama hanyar Rigasa, wayar ta nuna ja. Na rufe ta da tafin hannu kamar mai kare fitila daga iska. Mai bakin nan ta fara cewa idan kun isa tasha, sai ta yanke. Fuskar wayar ta yi baƙi. Na danna, na sake dannawa, na goga ta a hijabina. Iya ta dube ni ta ce ta yi shiru ne. Na ce ta ɗan yi barci. Sai na ji ta fara jan carbi.

Tashar jirgin cike take. Mutane sun yi layi a ƙofar shiga, kowa yana nuna wayarsa yana wucewa, jirgin kuma yana tsaye can ciki, dogo, yana huci. Mai keken, Allah ya saka masa, shi ya nuna mana wata 'yar rumfa mai tambarin manhajar, ya ce nan ake zuwa in an samu matsala. A ciki akwai wata budurwa da kwamfuta, da ƙaramin gicciye a wuyanta, an rubuta Alheri a ƙirjin rigarta. Hausarta irin ta mutanen kudancin Kaduna ce, mai ɗan ja. Na yi mata bayani da kyar, rabin maganar a cikin hijabi. Ta karɓi wayar ta jona a cajarta, muka zuba mata ido, ko motsi. Ta ce irin waɗannan tsofaffin in suka mutu sarai sukan daɗe kafin su farfaɗo, kuma an kusa rufe ƙofa.

Ta ce kada in damu, za ta iya fitar mana da tikitin a takarda, in dai na ba ta lambar wayar mai asusun. Na ce tana cikin wayar. Ta ce to cikakken sunansa. Nan na ji sanyi, na ce Magaji Haruna, don Haruna sunan kakana ne marigayi, shi ne a takardun Umma. Ta buga, ta girgiza kai. Ta sake bugawa har da Ikara, babu. Ta ce Magaji ai laƙabi ne, da sunan yanka ake buɗe asusu, wanda ke jikin katinsa.

Sai a lokacin na gane ban san sunan Kawuna ba. Tun da na buɗe ido Kawu Magaji nake ji. Umma Yaya take ce masa, Baba ya ce Magaji, matarsa ta ce baban Ummi. An sa masa sunan kakansa ne, surukin Iya, shi ya sa duk gidan aka ɓoye shi tun yana jariri. Mutum ɗaya ne a duk tashar nan ya san sunan, tana tsaye a bayana da ƙulli a ka.

Alheri ta leƙo ta ce, "Mama, ɗanki ne ko? Yaya sunansa?"

Iya ta kawar da kai ta dubi wajen masu sayar da ruwa, kamar ba da ita ake ba.

Na matsa na gaya wa Alheri a hankali cewa ɗan fari ne, kuma sunan surukinta ne. Na ɗauka za ta yi dariya, amma sai ta ajiye biro ta ce ta sani, kakarta ma har ta rasu ba ta taɓa kiran babanta da suna ba. Ta tambaya ko Mama za ta iya rubutawa. Iya ba ta rubutu. Na roƙi Alheri ko za ta karanto sunayen masu Haruna da ke tafiya yau, Iya ta gyaɗa kai in an zo kansa. Ta ce wallahi da za ta iya da ta yi, amma an hana su karanta wa kowa sunan mutane, sai mai tafiya ya faɗa da bakinsa, kuma akwai kyamara a saman kanta. Ta nuna mini da ido.

Layi ya taru a bayanmu. Wani mai jakar ofis ya ce don Allah in ba su shirya ba su ba mutane wuri, suna kawai ake tambaya ba kuɗin fansa ba. Wata mata ta ce masa ya yi wa tsohuwa uzuri, shi bai san kunya ba ne. Ya ce kunyar da za ta sa jirgi ya bar mutum ai ba ta da amfani. Wani malami mai farin gemu ya matso ya gaishe da Iya, ya ce mata Hajiya wannan al'ada ce ba addini ba, kuma larura ta sa, babu laifi ko kaɗan. Iya ta amsa gaisuwarsa da kyau, ta tambayi iyalinsa, ta yi masa godiya, amma ba ta faɗa ba. Aka yi sanarwa a lasifika, mutanen da ke ƙofar shiga suka fara sauri.

Na sake danna wayar. Baƙi. Na yi ƙoƙarin tuno ko na taɓa ganin sunan a jikin wani abu, katin biki ko kwalin da ya aiko, kaina ya ƙi kawo komai sai hoton Kawu kwance ana tura shi a gado yana waige. Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Na juya na kama gefen mayafinta.

"Iya," na ce, "in jirgin nan ya tafi, sai an shiga da shi."

Ta dube ni, ta dubi jirgin. Ta sauke ƙullin daga kanta ta ajiye a ƙasa, ta gyara mayafi ta rufe rabin fuskarta. Na ɗauka a kunne za ta raɗa mini, har na miƙa kai. Sai ta ture ni gefe a hankali, ta ce ba a bakin yara za a ji shi ba. Ta matsa jikin tagar da kanta, ta dafa katakon da hannu biyu.

"Isiyaku," in ji ta.

Ba kamar mai amsa tambaya ta faɗe shi ba. Ta ɗan ja ƙarshensa, irin yadda ake kiran yaro ya shigo gida hadari ya taso. Alheri ba ta ɗago ba, ta buga, na'urar gefenta ta turo takarda. Ta miƙo mini tare da wayar ta ce mu yi sauri, akwai wurin caji a jikin kujerun jirgin. Iya ta kwance bakin ƙullinta, duk da ana kiran a rufe ƙofa, ta ciro mazarƙwaila guda ta ajiye mata a kan tebur, ta ce Allah ya ba ki miji nagari. Malamin nan ya ɗaukar mana kayan, muka ratsa, muna hawa ana rufewa.

Kun yi ta tambayata yadda jirgi yake. Gaskiya rabin farko ban gan shi ba, hankalina yana can tasha. Akwai sanyi kamar an buɗe firiji, kujerun biyu-biyu ne, kuma ba ya jijjiga irin na mota, sai wani lilo kaɗan da ke sa barci. Na jona wayar a jikin kujera. Iya ta juya fuskarta wajen taga. Mun yi nisa, mun wuce wasu duwatsu da rugage, sai wayar ta yi haske, mai bakin nan ta ce muna kan hanya, tafiya tana daidai da tsari. Iya ta harare ta ta ce sai yanzu ta ga damar tashi, munafuka. Daga nan ta kwance dambun da Inna Asabe ta ƙulla mana, ta miƙa wa na gaba da na baya. Wasu suka karɓa, wata mai gilashi ta ce ta gode ta ƙoshi, Iya ta ce mutanen nan ko yunwa ma a ɓoye suke jinta.

Na tarar da kiran Anti Saratu rututu. Da na kira ta sai da ta yi salati, ta ce tun azahar Kawu yake tambaya, ta rasa abin da za ta ce masa. Na ce muna cikin jirgi. Ban gaya mata sauran ba.

A Abuja komai ya tafi yadda aka tsara, har ya ba ni tsoro. Muna fitowa bas yana jira, muna sauka daga bas wata ƙaramar mota fara ta tsaya a gabanmu, direban ya leƙo ya ambaci sunan nan na Kawu, yana tambaya ko mu ne. Iya ta yi kamar ba ta ji ba, ni na gyaɗa kai. Titunan suna da faɗi, babu awaki, babu masu talla a bakin hanya sai can ba a rasa ba, kuma ban ga mutum biyu sun tsaya suna gaisawa ba tun daga tasha har asibiti. Iya ta ce garin kamar an yi rasuwa an hana kuka.

Mun samu shiga ana saura kaɗan a fitar da masu dubiya. Kawu ya rame har na kusa kasa gane shi, an sa masa ƙarin ruwa a hannu. Da ya ga Iya ya yunƙura zai sauko ya durƙusa, Anti Saratu ta danne shi. Iya ta zauna a kujerar da ta fi nisa da gadon. Ta gaishe da Anti Saratu, ta tambayi yara, ta gaishe da mara lafiyar gadon kusa da mai jinyarsa, ta yi musu addu'a. Kawu ya ce Iya sannu da hanya, ta amsa tana kallon ƙarfen labule.

Ya juyo wurina yana murmushi ya ce 'yar Ikara an shigo birni, ya tambayi yadda manhajar ta yi mana. Na ce lafiya lau, sai dai wayar ta mutu kafin mu isa tasha. Ya ce to yaya aka yi muka shiga jirgi. Na ce a rumfarsu aka ba mu takarda. Ya ce ashe na haddace lambarsa, na yi ƙoƙari. Na ce a'a. Ya ƙura mini ido, don ya fi kowa sanin abin da ake tambaya a rumfar nan in babu lamba.

"Zulai, ke kin san sunana ne?"

Na girgiza kai.

Ya daɗe yana kallon Iya. Ita kuwa ta ce wa Anti Saratu a gyara wa wannan filo, wuyansa a karkace yake, haka ake barin mara lafiya. Anti ta miƙe za ta gyara, sai Iya ta riga ta. Ta tallafi kansa da hannu ɗaya, ta jawo filon da ɗayan, ta daɗe tana daddanna shi ko da yake ya riga ya daidaita. Kawu ya rufe idonsa, ruwa yana bi ta gefen kunnensa. Ni dai na sunkuya ina kallon takalmina.

A ɗakin Anti Saratu muka kwana, ciki da falo a wata unguwa bayan gari, inda ake sayen ruwa a jarka kuma maƙwabta ba su san sunan juna ba. Ta dafa mana taliya da kifi, Iya ta taɓa kaɗan ta ce ta ƙoshi.

Da safe aka shiga da shi. Muka zauna a benci a bakin ƙofar, Iya ta kama hannuna ta riƙe, abin da ba ta taɓa yi ba, har yatsuna suka yi tsami. Da likitar ta fito ta cire abin rufe baki, ta tambaya wace ce mahaifiyarsa. Iya ta nuna Anti Saratu da haɓa ta ce a yi wa matarsa bayani, ita rakiya ta zo. Amma ba ta saki hannuna ba sai da ta ji an ce an dace.